Kawu Haruna Sura, Mai Ɗaukar Hoton Leburori

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Haruna a cikinku ya san ba a karɓe hannu da wuri. Ka miƙa masa da niyyar sallama, sai ya riƙe gam, ya juya tafin sama, ya kawo shi dab da hancinsa yana dubawa kamar mai sayen kifi. Bai amsa sallamar ba tukuna fa! Sai ya shafa nan, ya latsa can, sannan ya yanke hukunci. In ya ji kanta da kaushi sai fuskarsa ta washe, ya ce, "Masha Allah! Wannan hannu halal yake ci. Zauna a kawo maka shayi." In kuwa ya ji laushi, sai ya sake shi a hankali kamar ya taɓa ɗanyen ƙullu, ya girgiza kai ya ce, "Allah Ya ba ka lafiya, ɗana." Kai kuma lafiyarka ƙalau, ko mura ba ka yi!

Ina hango Malam Isa limaminmu can baya yana rufe baki. Malam, kai ma ba ka tsira ba. Shekara da shekaru, in ka hango shi tafe daga ƙofar masallaci, sai ka cusa hannuwa cikin aljihun jallabiya ka yi masa sallama da ka. Mun gani, shiru kawai muka yi.

Ga waɗanda furfura ta hana su gane ni, ni ne Sale mai tasi, ɗan ƙanwarsa Amina. A gidansa na nan unguwar Azizya aka haife ni, ɗakinmu yana kallon nasa. Tunda an gama karɓar gaisuwa, an yi kukan an share, dattawa suka ce in tashi in faɗi wani abu a kansa. To, abin da na sani zan faɗa, wanda ya ji na yi ƙari ya ɗaga hannu.

Kawu ya zo daga Sudan yana saurayi, shi da abokinsa Yaƙubu, wanda daga baya ya auri ƙanwarsa ya zama mahaifina. Tare suka shiga aiki a masna'in bulo, wato masana'antar buga bulo da ke bayan gari, lokacin da aka fara rushe tsofaffin gidajen tsakiyar Madina ana ta da manyan otal-otal. Bayan wasu shekaru bayan Kawu ya ƙi ɗaukar siminti, sai ya koma shara a shagon wani tsoho mai ɗaukar hoton iƙama, wato takardar izinin zama. Yana shara yana leƙe, yana leƙe yana tambaya, har ya iya. Da tsohon zai rufe shago ya ba shi wata baƙar na'ura mai ido biyu, irin wadda ake leƙawa ta sama kamar rijiya. Kawu ya naɗe ta a tsohon tawul ɗin harami, kuma a cikin tawul ɗin nan ta zauna har ya bar duniya. Daga nan aka fara ce masa Haruna Sura, wato hoto da Larabci.

Kowa ya zaci zai je ya tsaya kusa da Masallacin Annabi ya riƙa ɗaukar alhazai, inda ake samu. Ina! Sai ga shi ya koma masna', ya koma wurin fasa dutse, ya koma inda ake cika dabino a kwali. Matarsa, Iya Halima, ta yi magana har ta gaji. Ya ce mata, "Alhaji yana da mai ɗaukarsa a garinsu. Mai kwaɓa siminti fa, wa zai ɗauke shi?"

Kun kuma tuna 'yar kujerar katakon da yake rataye da ita a kafaɗa. In babban mutum zai ɗauka, sai ya ajiye ta ya hau, ya ɗauko shi daga sama. In lebura ne, sai ya tsuguna har gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Babban mutum kullum daga ƙasa ake kallonsa, wuyan jama'a ya gaji. Lebura kuwa ko mai ɗakinsa daga sama take ganinsa. Ni gyara nake yi."

Wannan gyaran ne ya kusa mayar da mu Sudan gaba ɗayanmu.

Mai masna'in bulon nan, Abu Mansur ake ce masa, shi ne kuma kafil ɗin Kawu, wato iƙamarsa a hannunsa take. Wata rana ya sayo sabon injin buga bulo, ya ce yana son babban hoto na dukan ma'aikata da zai rataya a ofis. Aka kira Kawu. Ban je ba, amma na ji labarin daga bakin mahaifina, na ji daga bakin mutum fiye da biyar, kuma duk bakinsu ɗaya.

Aka fito da kujera mai laushi daga ofis, aka shimfiɗa kafet a kan ƙurar siminti. Abu Mansur ya zauna a tsakiya da alkyabbarsa mai bakin zinariya. Muhandisai, wato injiniyoyi, suka tsaya dama da hagu da fararen huluna. A bayansu masu sa ido kan aiki, kowa ya turo ciki. Can ƙarshe, jikin tarin bulo, aka jera leburori, mutanen Sudan da Chadi da Nijar, mahaifina a cikinsu. Aka ce musu su matsa baya, su ƙara matsawa, har sai da suka zama kamar su ma kayan masna' ne.

Kawu ya kwance tawul. Ya leƙa. Ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya sake leƙawa. Ya ce rana ba ta daidaita ba, a dakata.

Jama'a, ranar Madina ce fa, a tsakiyar zafi! Abu Mansur yana cikin alkyabba gumi yana tsiyaya ta gemu. Ya kama bakin mayafin kansa yana fifita.

"Ya Harun, hallisna! Gama mana mu tashi!"

"Sabur, ya shaikh. Hoto ba ya son gaggawa."

Sai da muhandis ɗaya ya fara layi kamar zai faɗi, sannan Kawu ya daka tsawar nan tasa da kuka sani: "Kowa ya tsaya yadda Allah Ya same shi!" Ƙyas! Ya naɗe na'ura ya yi tafiyarsa.

Bayan kwana biyu ya kai hoto. Wallahi na ga hoton nan da idona. Leburorin baya sun fito tar, kana iya ƙirga gashin girar kowa, kana ganin tsagen fuskar mutanen Damagaram, kana ganin jijiyar wuya. Masu sa ido sun ɗan dushe. Muhandisai kamar a cikin ruwa. A gaba kuwa, inda mai gida yake zaune, wani farin abu ne kawai ya yi tururi a kan kujera.

Abu Mansur ya juya hoton sama, ya juya shi ƙasa. Ya ce, "Ina fuskata?"

Kawu ya nuna da yatsa. "Ga ta nan, ya shaikh. Wannan hayaƙin kai ne."

"Hayaƙi?"

"Su sun saba tsayuwa a rana, ba su motsa ba. Kai kuwa fifita kake ta yi."

Abu Mansur ya buga tebur ya ce ya fita, kuma ya tuna takardunsa a hannun wa suke. Ranar gidanmu ba a ɗora tukunya ba. Iya Halima ta fara ɗaure kwanuka a buhu, tana cewa gara ta shirya kafin a saka mu a jirgin ruwa. Da ta matsa masa ya faɗi gaskiya, sai ya ce, "Na'urar nan wuri ɗaya take iya kallo. Na tambaye ta gaba ko baya, ta ce baya." Iya ta jefe shi da ludayi.

Mahaifina ya yi ta roƙonsa ya je ya ba da haƙuri. Da ƙyar ya yarda. Ya saka farar riga ya tafi, muna ta addu'a. Ashe abin da ya kai a matsayin ban haƙuri, hoton ne dai ya sake wankowa, wanda ya fi na farko girma, har da firam!

Allah dai Ya rufa asiri. Abu Mansur ya kai hoton majalisarsa don ya nuna wa abokansa irin wulaƙancin da aka yi masa, su kuwa suka yi ta dariya har wani ya shaƙe da gahawa. Tun yana fushi har shi ma ya fashe. Ya rataye shi a majalisar, duk baƙon da ya zo sai ya ja shi ya nuna masa: "Ga masna'ina, ga ma'aikatana, ga ni nan kuma ina ƙonewa." Ya sabunta wa Kawu iƙama, amma ya ce wa mai gadi kada ya sake barinsa ya shigo, kuma ko sisi bai ba shi ba. Da aka yi wa Kawu jaje sai ya ce, "Bai biya ba, bai fito ba. Ba wanda ya cuci wani."

Shi kuma ya wanko ƙanana ya bi leburorin nan ɗaya bayan ɗaya har ɗakunansu ya ba su. Da yawansu ranar suka fara ganin fuskarsu a takarda ba tare da hatimin hukuma a kai ba.

A ina yake wanke hotunan? A banɗakinmu mana! Banɗaki ɗaya tal ga gida mai iyali biyu. Ya toshe taga da bargo, ya maƙala jan ƙwan lantarki, ya kwashe manyan tirorin da Iya take zuba shinkafa ya zuba magungunansa a ciki. Iya ta ce mun daɗe muna cin shinkafa mai warin hoto. In ya shiga ya kulle, ko cikinka zai fashe sai dai ka ruga maƙwabta.

Wata shekara wani ɗan'uwan Iya, Malam Sani, ya zo Umara daga Kano ya sauka a wurinmu. Mutum ne mai kirki, amma matsoraci na ƙarshe, ko kyanwa ce ta gifta sai ya yi a'uziyya. Washegarin zuwansa aka kira azahar, ya ɗauki buta ya nufi banɗaki. Ya tarar a kulle, wani jan haske yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, ga wani wari mai tsami. Ya ƙwanƙwasa.

"Salamu alaikum, akwai mutum ne?"

Kawu ya amsa daga ciki, "Akwai mutane."

"Mutane? Su nawa?"

"Sun kai ashirin. Kada ka buɗe, Malam, haske zai kashe su!"

Malam Sani ya ja da baya. Ya dubi banɗakin, wanda ko mutum biyu ba zai ɗauka ba. Ya ce, "Alhaji Haruna, su wane ne?"

"Mutanen wurin fasa dutse ne. Dakata kaɗan, yanzu kawunansu suka fara fitowa. Ƙafafun da saura."

La'ilaha illallahu! Buta ta faɗi. Malam Sani ya fita da takalmi ƙafa ɗaya yana Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ya zarce masallaci. Malam Isa, kai ya je ya samu, ka faɗa in ƙarya nake! Ya ce maka surukinsu yana kiwon aljanu a banɗaki, a garin Manzo! Iya kuwa tana kicin, dariya ta hana ta tashi ta tare shi.

Da aka dawo da shi, Kawu ya fito da tire a hannu, hoto jiƙe a kai, ya ce, "Ga aljanun, Malam, gaisa da su." Malam Sani ya leƙa daga nesa, ya ga mutane da guduma a kafaɗa suna kallonsa. Kawu ya ce, "Tunda ka san su yanzu, kai za ka kai su gida. Wannan na gefe mutumin Kano ne, uwarsa tana nan da rai, rabonta da ganinsa tun yana ɗan siriri. Wannan na Zariya, wannan na Maraɗi." Haka Malam Sani ya koma da hotuna cike da jaka, yana bin gari gari yana tambayar gidaje. Haka Kawu yake yi wa duk baƙon da ya sauka a gidanmu: ka ci shinkafarsa, ka ɗauki saƙonsa. Amma har Malam Sani ya tafi bai sake alwala a banɗakin nan ba. A bakin titi yake yi da gorar ruwa.

Sai maganar tsumulmular fim. Kai! Kawu zai iya ba ka rigar jikinsa, amma ka ce ya ɗauke ka hoto sau biyu, kun ɓata. Kullum maganarsa, "Fim ba ruwan famfo ba ne." Ni na fi kowa ɗanɗana wannan, domin a ranar aurena ya nuna mini.

Uwar matata Zainab ta ce lalle a yi hotuna masu kyau a aika wa dangi a Chadi. Na ce kada ta damu, mai hoto a gidanmu yake. Na je na durƙusa wa Kawu, ya ce, "Ɗan Amina guda? Ai ba sai ka roƙa ba." Na ji daɗi har raina.

Tun da hantsi ya iso wurin biki da tawul ɗinsa da 'yar kujerarsa. Ina ɗaki ana shirya ni, ina jin tsawarsa daga waje, ina cewa a raina aiki yana tafiya. Bayan la'asar na fito cikin sabuwar riga, da alkyabbar aro, turare yana tashi, abokai suna biye da ni. Na tsaya a gabansa na gyara wuya.

"Kawu, ga ni."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ka yi kyau. Fim ya ƙare."

"Ya ƙare? Wa ka ɗauka?"

"Masu kafa rumfa. Mai yankan raguna. Masu dafa shinkafa, kai ka ga yadda suke ɗaga tukunyar nan su huɗu? Da yaron da ya hau tsani ya ja wayar lantarki."

"To ango fa, Kawu?"

"Ango? Kai ai kullum za ta riƙa ganinka har ta gaji."

Na leƙa jikin na'urar, na ga alamar akwai saura ɗaya. Na ce, "Kawu, ga ɗaya nan ya rage!" Ya rungume ta a ƙirji kamar zan ƙwace, ya ce, "Wannan na masu wanke tukwane ne. Na yi musu alkawari."

Zainab tana nan a cikin mata, ta shaida. Hoton aurenmu guda ɗaya ne na fito a ciki, shi ma kunnena ne da gefen hula, a bayan wata ƙatuwar tukunya. Shi take nuna wa yara ta ce, "Ga kunnen babanku ranar da ya aure ni." Su kuma 'yan zamani, ka yi musu Hausa su amsa da Larabci, sai su ce wallahi kunnen ya yi kyau.

Tsufa bai rage masa komai ba. Ya haura saba'in lokacin da ya tashe ni da maganar zuwa garin Khaibar, wai lokacin yankan dabino ya yi, akwai yaran Chadi da ke hawan itatuwa, yana so ya ɗauke su. Na saka shi a tasi muka tafi. Muka sami wata gona, shugaban masu hawan wani dogo ne mai suna Abakar. Kawu ya tsuguna yadda ya saba, ya leƙa, ya yi tsaki.

"Daga nan tafin ƙafarsu kawai nake gani. Aikin a sama yake. Abakar, ba ni igiyar nan."

Abakar ya ce, "Ya ammi, itacen nan dogo ne."

"Tun ba a haifi ubanka ba nake hawa da bulo a ka. Ba ni!"

Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na ce Iya za ta kashe ni. Ko kallona bai yi ba. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya rataya na'ura a wuya, ya fara hawa yana nishi, zani yana kaɗawa. Wallahi sai da ya kai. Ya zauna tsakanin ganye, ya ɗauki yaran da ke itatuwan kusa suna yanka, muna jin ƙyas, ƙyas. Sannan aka yi shiru. Shirun ya yi tsawo.

Na ɗaga murya, "Kawu, ka gama?"

"Na gama."

"To sauko mana."

"Ina duba gari tukuna."

Can sai muryarsa ta sauko ƙasa-ƙasa: "Sale, ƙafar nan ta ce ita hawa kawai ta sani."

Abakar da yaransa suka hau, suka jefa igiya ta kan reshe, sauran suka riƙe a ƙasa. Za su ɗaura masa sai ya hana. "Ku fara sauke na'urar! Ni in na faɗi akwai asibiti." Aka sauke na'ura a kwandon dabino, a hankali kamar jaririya. Sannan aka ɗaure shi ta hammata aka riƙa sassauto shi yana juyawa a iska, kamar wani babban nonon dabino mai gemu. Ni ina ƙasa, hannu a ka, ba abin da nake sai salati.

Ƙafarsa na taɓa ƙasa na ruga zan rungume shi. Ya ture ni.

"Ka ɗauka?"

"Me zan ɗauka, Kawu?"

"Hoton mana! Ba ga wayarka nan a aljihu ba? Mutum shida suna jan igiya, jijiyoyin hannunsu duk a waje, rana ta bugo su ta gefe, ka tsaya kana mini salati kamar na mutu!"

Mutumin da kullum yake cewa hoton waya wasan yara ne! Har muka iso Madina bai yi mini magana ba, sai dabinon da Abakar ya ba shi yake ci yana jefa ƙwallon ta taga.

Saura guda ɗaya in zauna. Wannan na cikin gidanmu ne, kuma Inna, mahaifiyata, ta ba ni izini in faɗa.

Tun kafin a hana Kawu shiga masna', mahaifina ya so ya aika wa tsohuwarsa hoto a Sudan. Ya ari farar riga da mayafin kai da agogo, ya soka biro a aljihu, shi da ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Ya ce Kawu ya zo ya ɗauke shi a jikin motar wani maƙwabci. Kawu ya ce ba zai ɗauka ba.

"Ƙarya za ka aika wa tsohuwa?"

"Kwalliya ce, Haruna. So kake ta ga ɗanta cikin ƙura ta kasa barci?"

"Ta haifi mai aiki, a nuna mata mai aiki."

Suka yi faɗa sosai, har suka daina cin abinci a tire ɗaya. Baba ya tafi shago a kasuwa aka ɗauke shi, yana riƙe da kan wayar tarho da ba a haɗa da komai ba, fuska a ɗaure kamar wanda 'yan sanda suka tare. Aka aika ɗaya Sudan, Inna ta saka ɗaya a firam ta rataye.

Bayan ɗan lokaci sai ga Kawu ya shigo ɗakinmu ya ajiye wani hoto a kan tabarma, ya fita. Baba ne a masna', da yagaggiyar singileti, bulo a kafaɗa, siminti ya yi masa fari a gira da gashin baki. Ya waiwayo, idanunsa sun yi haske, bakinsa a buɗe yana dariya har ana ganin wushiryarsa. Ku da kuka san Baba kun san ba mai yawan dariya ba ne, balle a wurin aiki. Inna ta ɗauka ta duba, ta bi Kawu har tsakar gida tana faɗa: "Yaya, ka tozarta mini miji! Wannan ai sai a ce mahaukaci na aura!" Ta jefa shi can ƙasan akwati ta danne da barguna.

Ƙurar simintin nan ce ta kama ƙirjin Baba daga baya. Ya yi jinya mai tsawo, Allah Ya karɓi abinSa. Ranar da Inna ta fita takaba, na shigo na tarar ta sauke hoton farar riga daga bango, ta cire shi daga firam, ta saka na ƙasan akwati. Na tsaya ina kallo. Ta ce, "Wancan mai tarhon ban san shi ba. Wannan shi ne yake shigo mini gida da yamma."

Ba ta taɓa gaya wa Kawu ba. Shi ma in ya shigo gaishe ta sai ya dubi bango, ya dubi ƙasa, ya tambayi lafiyar yara. Jini ɗaya ne, taurin kai ɗaya. Haka suka yi shekaru.

Sai a ciwon nan nasa na ƙarshe. Na kai Inna asibiti ta duba shi, ya rame ƙwarai, magana da ƙyar. Ta zauna a bakin gado, ta ce, "Yaya, tambaya ɗaya nake so in yi maka. Me ka ce wa Yaƙubu ranar nan har ya yi wannan dariyar?"

Kawu ya buɗe ido ɗaya. Ya ce, "Ce masa na yi, ga Amina can a bakin ƙofa ta kawo maka abinci."

Inna ta dafe ƙirji. "Ni? Na kai masa abinci masna'?"

"Ina fa! Kina gida kina barcinki. Da ya gane ya biyo ni da shebur har bakin titi."

Inna ta kai masa duka a ƙafa ta cikin bargo tana cewa, "Maƙaryaci! Kai da ka hana shi aika ƙarya!" Tana faɗa tana dariya, sai dariyar ta juye, ta kifa kai a kan gadon. Shekara nawa tana kallon fuskar nan a bango, sai ranar ta san ita aka waiwayo nema. Kawu ya ɗora hannu a kanta, ya ce, "To, yanzu kin sani. Ki daina jin haushina."

Bayan kwana kaɗan ya cika.

Na san a cikin ɗakin nan akwai da yawa da ba su da wata fuskar ubansu ko kakansu sai wadda Kawu Haruna ya bar musu. Ni ma haka. Mun gode masa, ko da bai taɓa tsayawa an yi masa godiya ba.

Ya Allah, ga bawanKa Haruna ya zo gare Ka, a garin ManzonKa. Ka dube shi da rahama, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci. Ka haɗa shi da abokinsa Yaƙubu a Aljanna, su ci a tire ɗaya. Ka ba Iya Halima da Inna haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.